Kifi uku kacal a iyali guda: rabe-raben Valencia ilimi ne ko neman suna?

Ɗalibin_Ruwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu masu ilimin kifaye. A karatun da muke yi kan ƙananan kifayen nan da ake kira kilifish na ci karo da wani iyali mai suna Valenciidae. Na ɗauka zan tarar da ɗaruruwan jinsuna kamar sauran iyalai, sai na ga dangi ɗaya ne tal, Valencia, jinsunan cikinsa kuma uku: Valencia hispanica a gabar gabashin Sifaniya, Valencia letourneuxi a yammacin Girka da kudancin Albaniya, sai Valencia robertae a Girka, wanda ba a raɗa masa suna ba sai 2014. Dukkansu suna cikin barazanar ƙarewa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kifin da bai wuce tsawon yatsa ba, uku rak, me ya sa za a ware musu iyali sukutum? Kuma wannan na ukun, anya ba masana ne kawai ke tsaga gashi don sunansu ya shiga littafi ba? Ni dai da na kalli hotunan na Girka biyun ban ga bambanci ba.

Malam_Taksonomi:
Wa alaikumus salam. Ɗalibi, kama da wane ba ta wane. Amma bari mu fara da iyalin tukuna. Ba a auna iyali da yawan 'ya'yansa, da asali ake aunawa. Da can masana sun riƙa cusa waɗannan kifaye inda suka ga dama. Na Sifaniya, wani masanin kifaye mai suna Valenciennes ne ya fara bayyana shi a 1846 da sunan Hydrargyra hispanica. Na Girka kuwa Sauvage ya sa shi cikin Fundulus a 1880, alhali Fundulus kifayen Arewacin Amurka ne. Sai 1928 George Myers ya ce a'a, na Sifaniyan dangi ne na daban, ya kira dangin Valencia, na Girkan ma a nan ya samu gurbi. A 1981 kuma Lynne Parenti ta sake tsara kilifish gaba ɗaya bisa ƙasusuwansu, musamman ƙashin muƙamuƙi, ta ga ba su zauna daidai a kowane iyali da ake da shi ba, ta ba su nasu. Ba gata aka yi musu ba, gidan da za a kai su ne babu.

Uwar_Tanki:
Malam, wato sunan Valencia daga sunan shi Valenciennes ɗin aka ciro?

Malam_Taksonomi:
A'a Hajiya, kowa sai ya faɗa wannan ramin. Sunan birnin Valencia ne da yankinsa, inda kifin yake. Dacewa ce kawai aka yi, wanda ya fara bayyana shi Bafaranshe ne mai suna kusa da haka.

Bakin_Albufera:
Ni ba masani ba ne, amma na taɓa ganin na Sifaniyan da idona lokacin da nake karatu a can. Mutanen wurin samaruk suke ce masa. Kudu da birnin Valencia akwai wani tafki babba, Albufera, gonakin shinkafa sun kewaye shi, tun 1986 aka mai da yankin gandun da doka ta kare. A gefen gonakin akwai idanun ruwa da ke ɓulɓulowa daga ƙasa, ullal suke kiransu. Mun je ɗaya kusa da garin Sueca. Ruwan garau, kana hango ƙasansa, ga ciyayi sun yi duhu a gefe. Mai yi mana jagora ya ce mu tsuguna mu yi tsit. Na fi minti goma ina zare ido ban ga komai ba sai inuwata. Can sai ga wani ɗan abu ya taso dab da saman ruwa, ya tsaya cak kamar an kafe shi, jikinsa da ɗan shuɗi-shuɗi, bakin wutsiyarsa ruwan ɗorawa. Wani ƙwaro ya faɗo, kafin in ƙifta ido ya cafke ya koma cikin ciyawa. Shi ke nan ganin da na yi masa. Na ce wa jagoran, wannan ne ake ta kashe kuɗi a kansa? Ya yi dariya ya ce a duniya kaf babu inda za ka same shi sai wannan bakin teku, daga wajen mashigar kogin Ebro zuwa fadamar Pego-Oliva.

Sarkin_Shakka:
To ai ga shi nan Bakin_Albufera ya yi tambayar da ta fi ta Ɗalibi muhimmanci. Ba a cinsa, ba a sayar da shi, santimita takwas ne iyakar girmansa. In ya ƙare wa zai yi kuka?

Yar_Dausayi:
Yaya Sarkin_Shakka, kai kullum sai ka kawo maganar ciki. Kifin nan idon ruwa mai tsabta yake zama. Duk inda ya ɓace, ka bincika za ka ga ko an zuƙe ruwan ƙasa don ban-ruwa, ko an cike fadamar an gina otal na masu yawon buɗe ido, ko maganin feshi ya malalo. Ruwa ba ya tsami banza. Ɓacewarsa labari ne kan ruwan da mutanen wurin ke sha.

Sarkin_Shakka:
Na ji, ƙanwata. Amma in haka ne a ce ana kare ruwa, a daina fakewa da kifi.

Dokta_Gambusiya:
Kun bar babban mai laifi a baya. A 1921 aka kawo wani ɗan kifi daga Amurka zuwa Sifaniya, Gambusia holbrooki, don ya cinye tsutsar sauro, lokacin zazzaɓin cizon sauro na kashe mutane a kudancin Turai. Daga nan ya bazu Italiya da Girka da sauran ƙasashen Bahar Rum. Niyya mai kyau ce, ba wanda zai musa. Matsalar ita ce shi gambusiya ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, 'ya'yan na fitowa suna iyo, cikin makonni kaɗan su ma sun fara haihuwa. Shi kuwa Valencia ƙwai yake liƙawa a jikin ciyawar ruwa, ɗaya-ɗaya, ya tafi ya bar su. Gambusiya ya ci ƙananan, ya yi masa rububin abinci, ga shi da faɗa, yana cizon fukafukan kifin da ya fi shi girma. Abin takaicin shi ne samaruk ɗin ma tsutsar sauro yake ci. An je neman gira an rasa ido. Yanzu Tarayyar Turai ta sa gambusiya a jerin baƙin halittu masu ɓarna tun 2022, amma fitar da shi daga fadama ya fi ƙarfin doka.

Uwar_Tanki:
Wallahi Dokta gaskiyarka kan faɗan nan. Na taɓa kuskuren sa gambusiya biyu cikin tankin gilashina tare da wasu kifaye masu doguwar wutsiya. Kwana uku na tashi na tarar da wutsiyoyin kamar ɓera ya ci tsumma. Macen kuma cikinta ya yi tulu, ba a yi sati biyu ba tankin ya cika da 'ya'ya. Ban sake ba.

Ɗalibin_Ruwa:
Na gode ƙwarai, amma an ɗan kauce. Maganar iyali na gamsu. Saura ta robertae. Malam_Taksonomi, ka ce kama da wane ba ta wane, to mene ne bambancin?

Malam_Taksonomi:
Yawwa. Kafin 2014 duk wani Valencia da ke Girka da Albaniya letourneuxi ake ce masa, daga tsibirin Korfu da tafkin Butrint na Albaniya har zuwa Feloponis a kudu. Mutanen Girka zurnas suke kiransa. Sai Jörg Freyhof da abokan aikinsa biyu, Kärst da Geiger, suka duba na kudun, na kogin Pinios da ke Feloponis da na kogin Mornos, suka ga matan suna da gajerun zane-zane a tsaye a tsakiyar jiki, mazan kuma fiffiken ƙasa na kusa da wutsiya ya fi tsawo. Suka haɗa da gwajin DNA, wato ƙwayoyin gado, ya nuna bambancin da ba ya sauyawa tsakanin na kudu da na arewa. Sunan kuwa, tunda ka yi zargin neman suna, ba nasu suka sa ba. Sun karrama Roberta Barbieri ne, wata masaniyar kifaye da ta daɗe tana aiki kan waɗannan kifaye a Girka.

Ka kuma lura da abin da rabuwar ta haifar. Da ana lissafin wuraren da kifin yake a dunƙule, sai a ga kamar da ɗan sauƙi. Da aka raba, kowanne ya koma da ɗan yankinsa, robertae ya tashi da wurare 'yan kaɗan da za ka ƙirga da yatsu. Da ba a raba ba, ana iya wayar gari na kudun ya ƙare a ce ba komai, ai akwai shi a arewa.

Sarkin_Shakka:
Malam, da girmanka, amma wannan hujjar taka ce ke ƙara min shakka. In raba jinsi biyu na sa kowanne ya zama abin tausayi, tallafin bincike kuma yana bin abin tausayi, ka ga akwai riba a rabawa. Ban ce waɗannan mutanen sun yi haka ba. Na ce ƙofar a buɗe take.

Malam_Taksonomi:
Ban ƙi ta taka ba. Su kansu masanan suna wannan rigimar a tsakaninsu, akwai masu son rabawa, akwai masu son haɗewa. Abin da ke tsare ƙofar shi ne duk wanda ya raɗa suna dole ya ajiye samfurin kifin a gidan adana, ya wallafa hujjarsa, kowa na iya zuwa ya duba ya ƙaryata shi. Kuma an sha ƙaryatawa, a cikin wannan dangin ma.

Tsohon_Masunci:
Bari in ba da wannan labarin, Malam, don ina jin daɗinsa. A 1984 wasu masu bincike a Sifaniya suka sami wani kilifish a fadamun kudu maso yammacin ƙasar, suka ce sabon Valencia ne, suka sa masa suna Valencia lozanoi. Murna ta ko'ina, an sami ɗan'uwan samaruk. Da aka zurfafa bincike sai ga shi Fundulus heteroclitus ne, baƙo daga gabar Atlantika ta Amurka, wanda ya shigo ƙasar ya yaɗu. Wato an kusa ba ɓarawo sarautar gida. Yau shi ma yana jerin masu ɓarna tare da gambusiya. To ka ga, Ɗalibi, rabe-raben nan ba wasa ba ne. Sunan da aka ba kifi shi ke sa a kare shi ko a yaƙe shi.

Ɗalibin_Ruwa:
Baba, wannan ban taɓa ji ba! Amma ai yana iya zama hujjar Sarkin_Shakka ma, tunda ga sabon suna ya tashi a banza.

Tsohon_Masunci:
Ɗana, hujjar kowa ce. Ya tashi a banza, amma masanan ne dai suka tashe shi, ba mu 'yan zaure ba.

Kilifish_Zalla:
Ku yi haƙuri in ɗan fita layi. Sabon shiga ne ni. Na ɗauka kilifish su ne waɗanda ke mutuwa in tafki ya ƙafe, ƙwansu ya kwanta cikin laka har damina ta dawo. Waɗannan na Turai ma haka suke? Kuma sunan nan yana da alaƙa da kisa ne?

Yar_Dausayi:
Barka da zuwa. Babu kisa a ciki, kalmar daga harshen mutanen Holand take, kil, wato ƙaramin rafi. Kilifish sun haura jinsi dubu, kuma ba iyali ɗaya ba ne, suna ne na gama-gari. Masu kwantar da ƙwai a laka wasu ne daga ciki, kamar Nothobranchius furzeri na Zimbabuwe da Mozambik, wanda rayuwarsa 'yan watanni ce, har masu binciken tsufa suka mai da shi abin gwaji. Valencia ba ya cikinsu. Shi in ruwa ya ƙafe, magana ta ƙare, uwa da ƙwai duka. Shi ya sa famfon ban-ruwa ɗaya a kan idon ruwa ɗaya zai iya share al'umma guda a bazara ɗaya.

Bakin_Albufera:
Wannan ta tuna min da ambaliyar 29 ga Oktoba 2024 a Valencia, wadda ta kashe mutane sama da ɗari biyu. Laka da tarkace da motoci duk ruwa ya kwashe ya nufi Albufera da su. Mutane ne a gaba, ba shakka, amma da na ga hotunan sai da ɗan kifin nan ya faɗo min a rai. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne akwai cibiyar gwamnatin yankin a El Palmar da ta daɗe tana kiwon samaruk tana sakin su a idanun ruwan da aka gyara.

Mai_Kiwon_Zurnas:
Tunda an zo kan kiwo, ga abin da ya same ni, wataƙila ya amsa wa Ɗalibi fiye da duk bayanin littafi. Ina cikin masu kiwon kilifish a tanki, kuma a tsakaninmu ƙa'ida ce kowane kifi yana tafiya da sunan wurin da aka samo kakanninsa. Shekarun baya na sami ƙwai daga wani abokin kiwo, a jikin robar an rubuta letourneuxi, Pinios. Na ƙyanƙyashe su, suka girma, suna zuba ƙwai a jikin igiyar ulu da nake rataya musu a madadin ciyawa. Kullum da safe in ɗaga ulun in matse, in bi da yatsa ina tsince ƙwan, masu tauri ne, ba sa fashewa. Daga baya wani ya ba ni wasu, shi ma letourneuxi ya ce, amma takardar wurin ta ɓace. Na ce ai duk ɗaya ne, na zuba su tanki guda. Bayan wani lokaci sai labari ya iso mana cewa na Pinios ba letourneuxi ba ne, robertae ne. Yanzu ina da tanki cike da kifaye masu lafiya waɗanda ban san ko su wane ne ba. Ba zan iya ba wani mai kiwo na gaskiya ba, ba za a taɓa mai da su ruwan asali ba. Ina ciyar da su ne kawai har Allah ya karɓi abinsa. Da na bi ƙa'idar rubuta wuri, da sauyin sunan bai taɓa ni ba.

Uwar_Tanki:
Kai, sannu. Amma tsaya, in har sun haihu da juna, ba shi ke nuna jinsi ɗaya ba ne? Haka aka koya mana a makaranta.

Malam_Taksonomi:
Hajiya, wannan ma'aunin na aji ne, yana aiki wani lokaci, amma kifaye ba su karanta shi ba. Jinsuna da yawa da ba sa haɗuwa a daji suna haihuwa in ka kulle su a gilashi ɗaya. Tambayar ita ce ko kowanne ya yi doguwar tafiyarsa shi kaɗai har ya zama abin da ake iya ganewa. Kuma Mai_Kiwon_Zurnas bai ma san ko biyu ya haɗa ba, wannan ita ce asarar tasa.

Wani abu da ya shafi tambayar farko: akwai lokacin da wasu ke ɗaukar na Girka a matsayin reshen na Sifaniya kawai. In ka duba dokar kare muhallin halittu ta Tarayyar Turai ta 1992 za ka ga inuwar wannan tsohon ra'ayin a yadda aka rubuta sunan letourneuxi. Ka yi tunanin a ce an tafi a kan haka, wani ya ɗebo samaruk daga Valencia ya je ya zuba a Korfu da sunan taimako.

Dokta_Gambusiya:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne taswirar. Ɗaya a Sifaniya, biyu a Girka, Italiya a tsakiya babu ko ɗaya. Kifin da ba ya ƙetare teku, yaya aka yi?

Tsohon_Masunci:
Ragowar gida ne da ya taɓa cika, Dokta. An tono burbushin 'yan uwansu a duwatsun Faransa da wasu sassan Turai, na miliyoyin shekaru. Bahar Rum ɗin ma ba haka take ba a da, kusan shekara miliyan shida da suka wuce ta yanke daga Atlantika ta kusa ƙafewa, daga baya ruwa ya dawo. Abin da ya saura a gefe biyu shi muke gani. Shi ya sa ni nake ganin iyali mai 'ya'ya uku ya fi mai ɗari uku tsada. In ka rasa ɗaya daga ɗari uku, reshe ya karye. In ka rasa waɗannan ukun, bishiyar ce ta faɗi.

Sarkin_Shakka:
Baba ya iya magana. To amma ku gaya min gaskiya, sunayen nan za su tsaya? Wani ɗan kifi maƙwabcin samaruk, wanda ake ce wa fartet, na san shi da Aphanius iberus. Kwanan baya na duba na ga ya koma Apricaphanius iberus. Wa ya aike su?

Malam_Taksonomi:
Freyhof ɗin nan dai, shi da Yoğurtçuoğlu, a 2020 suka raba Aphanius gida takwas. Kafin nan ma an fitar da su daga iyalin Cyprinodontidae an ba su nasu, Aphaniidae, don DNA ya nuna sun fi kusa da Valencia a kan kifayen Amurka da aka haɗa su da su. Ba kowa ya karɓi rabon takwas ɗin ba, har yanzu za ka ga masu rubuta Aphanius iberus. A nan kam ina ɗan tausaya maka, don ma'aikacin da ke riƙe da takardar doka mai tsohon suna shi ke shan wahala.

Sarkin_Shakka:
Alhamdu lillahi, yau Malam ya ba ni rabin gaskiya. Kuma kun lura sunan mutum ɗaya ke ta dawowa?

Yar_Dausayi:
Don masu aikin ba su da yawa ne, Yaya. Wa ke son ya ƙare rayuwarsa cikin taɓo yana ƙirga haƙoran kifin da bai kai yatsa ba? Af, haƙoran ma hanya ce ta bambance su: na fartet kai uku gare su, na Valencia tsini ɗaya.

Kilifish_Zalla:
Akwai wanda aka taɓa cetowa da gaske kuwa, ko duk labarin ƙarewa ne?

Dokta_Gambusiya:
Akwai mai taurin rai. Cyprinodon diabolis, a wani rami ɗaya cikin hamadar Nevada a Amurka. A 1976 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana zuƙar ruwan ƙasa da zai sauke ruwan ramin. A 2013 an ƙirga 35 kacal, daga baya suka ƙaru. Amma shi ramin nasa ba gambusiya a ciki, kuma an kewaye shi da shinge. Idanun ruwan Girka a tsakiyar gonakin mutane suke.

Ɗalibin_Ruwa:
Na karanta duka. Kan iyali na sauka daga ra'ayina. Kan robertae labarin Mai_Kiwon_Zurnas ya fi komai taɓa ni, ko da yake har yanzu in aka ajiye min hotuna biyu ba rubutu ba zan rantse ba. Abin da ban samu ba shi ne inda ake tsayawa. In gobe wani ya gwada na Korfu da na Butrint ya ga ɗan bambanci, za mu koma huɗu ke nan?

Malam_Taksonomi:
In bambancin ya tabbata a jiki da DNA, e. In a DNA ne kawai kuma ɗan kaɗan, yawanci a bar su da suna ɗaya amma a hana cakuɗa su wajen kiwo. Na Sifaniyan ma haka ake yi, ana ƙoƙarin mai da kowane kifi fadamar da iyayensa suka fito.

Sarkin_Shakka:
"Ɗan kaɗan" ɗin nan wa ke auna shi?

Mai_Kiwon_Zurnas:
Ku dai ci gaba. Ni tambayata ta fi sauƙi: akwai wanda ya san ɗakin gwajin da zai karɓi ɗan yankin fiffike daga mai kiwo na gida? Guda goma sha ɗaya suka rage min, ina so in san sunansu kafin su ƙare.